Amsar da Ake Zubarwa

A tsakar gidanmu na Dogo Tebo akwai wani turmi a kife, gabas da rijiya, dab da katanga. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ya san dokata a kansa. Ba a ɗaga shi, ba a zubar da ruwan wanki a wajen, ba a ɗaure akuya a jikinsa. Ban taɓa ba kowa dalili ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye ni sau biyu. Gara ta cinye turmi biyu a wurin nan. Duk wanda ta ci, sai in nemo wani tsoho in kife a gurbinsa kafin a lura. Na yanzu shi ne na uku.

Jikata ce a ƙarƙashinsa.

Ranar da matar ɗana ta haihu, da hantsi ne, tsakiyar damina, ana ruwa kamar ba za a ɗauke ba. Ɗana yana kan hanyar kurmi da shanu a tirela. Daga ni sai ungozoma a ɗakin. Ta farko ta fito da kukanta, lafiyayya. Muna cikin gyara ta, sai ungozoma ta ce, "Tsaya, da saura." Ta biyun ta zo shiru. Aka hura mata iska, aka jijjiga ta, aka buga tasa a saitin kunnenta har hannuna ya gaji. Ba ta motsa ba. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mutumin da ne. Shi ya shiga cikin ruwan ya haƙa mata a cikin gida, kamar yadda aka saba yi wa jaririn da bai yi kuka ba.

Uwar, 'yar wani ƙauye ce a wajen Mamudo, ta kama hannuna ta riƙe gam. Ta ce, "Inna, kada a gaya wa kowa. A wajenmu an ce in 'yar tagwai ta san 'yar'uwarta tana ƙasa, ta ƙasan takan kira ta." Na ce mata wannan camfi ne, malamai sun hana. Ba ta saki hannuna ba sai da na yi mata alkawari. Da ɗana ya dawo aka ce masa an samu 'ya mace. Ba a yi masa ƙarya ba, ba a dai cika masa ba. Ranar suna ba a sa mata sunan tagwaye ba. Uwar ta rasu yarinyar tana da shekara shida. Ungozoma ta bi, maigidana ya bi. Aka bar ni da maganar ni kaɗai.

Na ce camfi ne, amma tun daga ranar idona bai bar kan yarinyar nan ba. Tana ƙarama, in aka ba ta ƙosai biyu, sai ta ci ɗaya ta ajiye ɗaya a kan turmin, har tururuwa su taru. Na ce wa kaina yara na yin haka. Da ta tasa, turmin ya zama wurin zamanta. Gindin turmi ba wani faɗi gare shi ba, amma ita ba ta taɓa zama a tsakiyarsa ba. A gefe take ɗosana jikinta, rabi a kai rabi a iska, ta bar ɗaya rabin ba kowa. Na hana kowa komai a wajen, ita na kasa hana ta zama, don na san in na hana za ta ce don me.

Shekarar da ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, kullum bayan la'asar tana kan turmin da littafi a cinya. Ni kuma ina kan tabarma a ƙofar ɗakina, ina tsintar wake ko ina gyaran zogale. Ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Amma ina da ido, ina da kunne, ita kuwa ba ta iya lissafi bakinta a rufe ba.

Wata rana na leƙa na ga ta cika shafi da wani zane kamar itace biyu a gicciye.

Na ce, "Ke, wannan da kike ta maimaitawa fa?"

"Ekis ne, Kaka. Shi ne wanda ba a sani ba."

"In ba a san shi ba me ya kawo shi littafinki?"

"Nemansa ake yi. Yana nan a ɓoye a cikin lissafin. Daga abin da aka sani ake gano shi."

Na ce, "To," na koma kan wakena. Amma hannuna ya daɗe a cikin faifai bai tsinci komai ba.

Irin lissafin da ta kama a watannin nan, kwadaratik take ce masa. Sai da na yi mako kafin sunan ya zauna a bakina. Ta ce shi ne wanda ɓoyayyen yake ninka kansa da kansa, kamar a ce faɗin ɗaki da tsawonsa ɗaya ne, ka ninka su ka san girman daɓen. Ta ce hanyoyin kama shi uku ne, kuma duk wadda ka bi wuri ɗaya za ta kai ka.

Ta farko ma ni na iya ta. Nemo lambobi biyu ake yi. Ina ji tana ta gunaguni, wai waɗanne biyu ne in ka ninka su su ba da sha biyu, in ka haɗa su su ba da bakwai. Tana ta cizon biro. Na ce, "Uku da huɗu mana. Abin da kike ta ɓata wa mutane yamma a kai ke nan?"

Ta ɗago ta zaro ido. "Kai, Kaka! Wallahi ke ya kamata a ɗinka wa yunifom. Gobe ki je, ni in zauna in tsinci waken."

"Ki kiyaye ni. Waken da za ki tsinta ai da tsakuwarsa za mu ci."

Ta biyun a ƙasa ta zana mini ita da tsinke, a gaban turmin. Ta yi ɗaki mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Ta manna masa wani siririn fili a gefe, wani a ƙasa. Sai ga wata 'yar kusurwa ta rage ba komai a cikinta, kamar an gutsire. Ta ce sai an cika wannan gurbin tukuna, zanen ya zama cikakke, sannan a san bakinsa, daga baya a cire abin da aka ƙara. Na dubi gurbin. Ɗan ƙarami ne, tafin hannu biyu zai rufe shi. Da ta tashi na sa ƙafa na share zanen gaba ɗaya.

Ta ukun doguwa ce, haddace ta suke yi kamar karatu. Famula take ce mata. Ta ce ita ba ta ƙin kowane lissafi, ko wanda ya gagari ta farko. A tsakiyarta akwai wurin da ake cewa "ƙari ko ragi". Ta ce a nan hanya take rabuwa biyu. Ka bi ta ƙari ka samu amsa ɗaya, ka dawo ka bi ta ragi ka samu wata.

Na ce, "Tambaya ɗaya, amsa biyu?"

"Haka irinsa yake, Kaka. Biyu yake haifa."

Kalmar da ta yi amfani da ita ke nan. Ban ƙara mata ba.

Akwai wata alama a cikin famular mai kama da rumfa, da lambobi a ƙarƙashinta. Ta ce tun kafin ka gama aikin, abin da ke ƙarƙashin rumfar nan zai gaya maka abin da za ka tarar. Da ta ga ban gane ba sai ta ja dogon layi a ƙasa, ta ce in ɗauka wannan doron ƙasa ne. Ta zana ƙwarya, gindinta ya nutse ƙasa da layin, bakinta a sama. Ta nuna mini wurare biyu da jikin ƙwaryar ya ratsa layin, ta ce ga amsoshin nan biyu, haka yake in abin da ke ƙarƙashin rumfa ya fi sifili. Ta zana wata ƙwaryar a rataye, ba ta taɓa layin ba, ta ce wannan ba a ganin amsarta ko ɗaya, haka yake in bai kai sifili ba. Sai ta zana ta uku, a zaune a kan layin, gindinta kawai ya taɓa.

Na ce, "To ga mai amsa ɗaya nan. Kin ce biyu yake haifa."

"Ido ne yake ganin ɗaya. Malaminmu ya ce biyu ne, ɗaya ta hau kan ɗaya, shi ya sa ba a rabe su."

Tana faɗar haka tana kan turmin, a gefensa, ƙafarta ɗaya tana lilo. Rana ba ta faɗi ba, ana ta hayaniyar yara a waje, amma na kasa ci gaba da kallonta a wurin. Na ce ta tashi ta ɗebo mini ruwa. Ba ƙishi nake ji ba.

Bayan kamar mako biyu ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. Ta ce malam ya yi mata faɗa a gaban aji. In tambayar a kan tsawon fili ce, ko shekarun mutum, ko yawan awaki, sau da yawa amsa ɗaya takan fito sama da sifili, ɗayar ƙasa da sifili. Ta ƙasan sai a soke ta, a rubuta an zubar, don ba filin da tsawonsa bai kai babu ba. Ita kuma ba ta sokewa. Takan rubuta ta 'yar ƙarama a gefen shafi ta bar ta.

Na ce, "Ki yi abin da malaminki ya ce."

"Hannuna ne ba ya so, Kaka. Ita ma fa ta cika sharaɗi. In kika mayar da ita cikin lissafin daidai take fitowa, kamar 'yar'uwarta. Laifinta kawai tana ƙasa."

"Ina kuke zubar da ita?"

Ta yi dariya. "Ba inda ake kai ta. Tana nan. Ba a dai ambatonta."

Na bar dariyar ta wuce, sannan na tambaye ta mene ne ma ƙasa da sifilin nan, don ni a sanina in abu ya ƙare ya ƙare. Ta je ta tsaya a bakin rijiya ta ce nan ne sifili. Ta yi taku uku gaba, ta ce uku ke nan. Ta dawo bakin rijiyar, ta yi taku uku da baya, ta ce wannan shi ne uku ƙasa da sifili.

Na ce, "Au, baya kenan. Shi ne kuke ta ba shi dogon suna?"

Na ajiye wannan a raina ban san ranar amfaninsa ba.

Ɗana fatoma ne a kasuwar shanu, wato shi yake saukar da baƙin da suke kawo dabbobi daga nesa, ya ba su masauki har su sayar. Baƙinsa sun yi yawa, zaure ya daina ɗaukarsu. Ran wata Alhamis da safe sai ga shi ya shigo da birkila, da kwalayen tayil a keken haya. Ya ce ɗakin baƙi zai gina. Birkila ya kafa turke a ƙarshen bangon zaure, ya ce dole kusurwar ɗakin ta zauna a nan, don ƙofar ta buɗe ta cikin zauren, baƙi su shiga su fita ba su ga mata ba. Gabas da turken fili ne, har zuwa wajen turmin. Yamma da shi kuwa ɗakina ne da rumfata.

Ɗakin nan nawa na ƙasa ne, maigidana ya gina shi da hannunsa shekarar da muka zo unguwar. Duk gidan an mayar da shi bulo da siminti, shi kaɗai ya rage. Sau nawa ɗana yana roƙona ya rushe ya gina mini na zamani, ina ce masa sai dai bayan raina.

Yarinyar tana shirin fita makaranta uban ya tsayar da ita. Ya ce, "Zo nan, 'yar boko. Tayil ɗin nan na daɓen mita arba'in ne, ba na son ya ragu ba na son ya gaza. Ina son tsawon ɗakin ya fi faɗinsa da mita uku, wurin ajiye kayansu. Nawa ne faɗin? In kin kasa yau a bar makarantar a kama tallan nono."

"Baba, wannan ai ko Kaka za ta yi."

Ta durƙusa ta yi zanenta a ƙasa. Ni kuwa tuni na gama a kaina, biyar sau takwas arba'in, kuma takwas ta fi biyar da uku. Ta ɗago ta ce, "Faɗin biyar ne. Ko kuma takwas ƙasa da sifili."

Birkila ya tuntsire da dariya. "Wannan ta biyun sai dai aljanu su kwana a ciki."

Uban ya ce, "A zubar da ita. Malam, ja tef."

Aka ja tef daga turke zuwa gabas. Ina tsaye ina kallo yana warwaruwa a ƙasa. Mita biyar ta faɗi a tsakiyar turmin. Ba kusa da shi ba, a tsakiyarsa. Nan ramin fandisho zai bi. Birkila ya sa ƙafa ya ɗan taɓa turmin ya ce a kawar da wannan kafin Asabar, da sassafe za su fara haƙa.

Da suka fita na kira ɗana gefe. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Na ce, "Kai, a bar wurin nan."

"Don me, Inna?"

"Na ce a bari."

Ya sunkuyar da kai, don bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Inna, ki duba gidan nan da kanki. Ba sauran fili sai shi. In akwai dalili ki faɗa mini, wallahi in fasa. Turmin ne? In sayo miki sabo." Sai ya so ya mayar da abin wasa. "Ko ɗakinki kike so a rushe?" Ya yi dariya, ya tafi kasuwa.

Dalili yake nema, ni kuma dalilin ne ba zan iya bayarwa ba. In na yi shiru, diga za ta fito da ita a gaban birkila da leburori da 'yar'uwarta. In na yi magana, na karya alkawarin wadda ba ta nan balle in nemi ta yafe mini, kuma yarinyar ta sani. Ranar Juma'a ban iya cin komai ba. Na wuni ina kallon igiyar da suka ɗaura daga turke, ta bi ta kan turmin, iska tana ɗan kaɗa ta. Da la'asar yarinyar ta zo ta ɗage igiyar ta zauna a gefenta na kullum. Zanenta na jiya yana nan a ƙasa ba a taka ba. Amsoshin biyu suna jere, ba ta soke ko ɗaya ba.

Asabar da safe suka zo da diga da shebur. Na fito na tsaya kusa da turken da sandata.

Na ce wa yarinyar, "Ke, shekaranjiya amsa nawa kika samu?"

"Biyu, Kaka."

"Guda nawa aka auna?"

"Ɗaya."

"A auna ɗayar."

Birkila ya ce, "Hajiya, wannan ai ba a auna ta. Ba ta da wuri."

"Da kai nake? Ke, ba kin ce ƙasa da sifili baya ba ne? Ga turke nan. Auna mini."

Ta dube ni, ta dubi ubanta. Ya ɗaga kafaɗa. Ta karɓi tef a hannun birkila, ta maƙala bakinsa a turken, ta fara tafiya da baya zuwa yamma, ta gefen ɗakina, tana ƙirgawa da ƙarfi. Da ta ce takwas, tana tsaye daidai ƙarshen bangon ɗakina na baya. Ko yatsa ɗaya bai ragu ba. Ta dawo ta ce saura ɗaya gefen. An ce ya fi da uku, to takwas baya in ka ƙara uku gaba, saura biyar baya. Gaba a wannan gefen arewa ne, sai ta ja tef zuwa kudu. Biyar ta tsaya a gindin ginshiƙin ƙarshe na rumfata.

Ta ce a hankali, "Takwas sau biyar. Arba'in ne, Baba. Ɗakin ne dai, ya juya baya. Kusurwarsa ma tana kan turken."

Birkila ya karɓi tef ya sake aunawa da kansa, duka gefe biyun. Ya miƙe ya ce, "Ikon Allah." Bai sake dariya ba.

Ɗana ya ce, "Inna, ɗakinki ne fa."

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni."

"Wanda Baba ya gina."

"Na san wanda ya gina. Ku fitar mini da kayana, ku rushe."

Ya daɗe yana kallona. Ya buɗe baki zai yi tambaya, na dube shi, ya rufe. Kafin azahar an kwashe kayana an kai ɗakin yarinyar, wanda a da na uwarta ne. Ban tsaya kallon rushewar ba. Na juya musu baya na zauna a bakin rijiya, ina jin ƙarar bangon yana zubewa, ƙurarsa tana sauka a kan mayafina. Ƙasar ta yi warin shekarun da na yi a cikinta. Ban yi kuka ba. Na kwance igiyar da ta bi ta kan turmin, na naɗe ta na ba birkila.

Na ɗauka an gama. Na manta da wa nake zaune.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ba makaranta ranar, maginan sun tafi neman yashi, gidan ya yi tsit. Tana kan turmin ba littafi a hannunta. Ina shanya barkono kusa da ita.

Ta ce, "Kaka, turmi uku na ƙirga. Na farko yana da tsaga a baki. Na biyu ƙonanne ne a gefe. Wannan ne na uku."

Na juya barkonon da hannu.

"Duk Juma'a kina tsayawa a nan bakinki yana motsi. Mama kuma ba ta taɓa bi ta nan ba, zagayawa take yi ko da kaya a kanta, ina tunawa. Sannan kin ba da ɗakin da kika ce sai bayan ranki. To abin da ke nan ya fi ɗakin a wurinki." Ta dubi tazarar da ke tsakanin turmin da katanga. "Kuma babba ba zai shiga nan ba."

Na ce, "Lissafin naku ke nan?"

"Daga abin da aka sani ake ganowa. Na Mama ne?"

Na ci gaba da baza barkono, har na baza wanda na riga na baza. Na ce, "E."

"Kafin ni, ko bayana?"

A nan ne zan iya tsayawa. Da na ce kafin ke, da ta yarda, da alkawarina yana nan. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba, shiru kawai na yi mata shekara goma sha bakwai.

Na ce, "Tare. Ke kika fara fitowa."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ma firgita ba. Ta juya ta dubi rabin turmin da ba kowa. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta ce, "Mace ce." Ba tambayata ta yi ba.

Na gaya mata sauran, da ruwan saman, da tasar da muka buga, da abin da uwarta ta ji tsoro. Na ce yanzu ta sani, kuma ni ce na karya alkawarin, in wani abu ya same ta a wuyana yake.

Ta ce, "Kaka, in kira ne, ai tun ina ƙarama nake amsawa. Ga ni nan kuwa."

Ɗana ni na gaya masa da bakina, a ranar, bayan ya dawo daga kasuwa. Ya je ya tsaya a gaban turmin, ya cire takalmansa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa ya ce, "Da na haƙa fa, Inna?" Na ce ai ba ka haƙa ba. Sai da ya yi kwanaki yana gaishe ni ba ya haɗa ido da ni, sannan ya sauko.

Damina biyu ke nan da yin wannan. Ɗakin baƙi yana tsaye a gurbin nawa, tayil bai ragu ba bai gaza ba. Yarinyar ta ci jarrabawarta. Lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha, tana yi mini rashin kunya. Amma ban daina dubawa ba. In ta yi tari sai na ɗago. In ta yi shiru da yawa sai na kira ta, in ta amsa in ce ba komai.

Ita take rubuta wannan da nake faɗa. Na ce ta shigo inuwa ta zauna a tabarma, ta ce nan ya fi mata daɗi. Tana kan turmin, a gefensa, littafin a cinya. Ɗazu na ga ta ɗan gyara zama ta ƙara matsawa, kamar yadda mutum yake yi in an ce masa ya danne wa wani zane.